Tsohuwar Wayar Alfarma Ko Sabuwa Mai Sauƙin Kuɗi?

Kowace shekara idan kaka ta yi, aka kai masara da shinkafa da waken soya kasuwa, wani kashi na kuɗin da manoman Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa suka samu yakan ƙare ne a hannun masu sayar da waya na Farm Centre da titin Beirut cikin birnin Kano. Uba zai saya wa ɗansa da ya sami shiga kwaleji, saurayi zai saya wa kansa kafin Kirsimeti, uwargida kuma za ta kwashi adashenta ta ce ita ma lokaci ya yi da za ta riƙa ganin hotunan jikokinta na Legas. Da an isa gaban kanta kuwa, mai shago zai shimfiɗa waya biyu waɗanda kuɗinsu ya yi kusan ɗaya. Ta farko wayar alfarma ce, iPhone ko Samsung Galaxy S, wadda wani ya yi shekara huɗu ko biyar yana amfani da ita a Ingila ko Amurka ko Dubai, ita ce ake kira ta hannu ko Tokumbo. Ta biyu sabuwa ce fil a kwalinta, Tecno ko Infinix ko Itel ko Redmi ko Samsung Galaxy A. Ba ta da suna kamar waccan, amma ba wanda ya taɓa kunna ta.

Wannan zaɓi ya isa mu zauna mu duba shi da natsuwa, gama kuɗin da ake magana a kai guminmu ne na damina guda. A ƙasa irin tamu, inda wuta ba ta zama, mai gyara yana nesa, layi ɗaya kuma ba ya isa, darajar waya tana cikin shekarun aikin da suka rage mata, da abin da za ta ci kafin ta cika su. Idan aka auna da wannan mudu, ga yawancinmu sabuwar ce ta fi. Akwai waɗanda ta hannun za ta fi yi wa amfani, za mu kuwa faɗi ko su wane ne.

Yadda waya ta zama kayan aiki

Manya a cikinmu za su tuna watan Agusta na 2001, sa'ad da MTN da Econet suka fara aiki a Nijeriya. A lokacin layi kaɗai ana sayar da shi naira 20,000 ko fiye, wanda ya riƙe salula kuwa ana ganinsa mai hali ne. Daga baya kamfanonin ƙasar Sin suka shigo, musamman Transsion na birnin Shenzhen, wanda shi ne mai Tecno da Itel da Infinix. Wannan kamfani ya lura da bukatun mutanen Afirka, ya yi waya mai layi biyu, mai babban batir, da kyamarar da ke fitar da fuskar baƙar fata sosai. Da haka ya kai ga riƙe kusan rabin kasuwar manyan wayoyi ta nahiyar.

Abin da ya mai da babbar waya ta zama tilas a ƙauyukanmu shi ne ƙarancin takardar kuɗi na farkon 2023, bayan Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin naira 200 da 500 da 1,000. A waɗannan watanni mai buhun shinkafa a kasuwar Tudun Wada wanda bai taɓa yarda da turin kuɗi ta waya ba ya koya dole, mutane da yawa suka buɗe asusu a Opay da Moniepoint da PalmPay. Haka nan kuma aka ɗaure kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, aka rufe waɗanda ba a haɗa ba bayan wa'adin watan Satumba na 2024. Yau waya ita ce jakar kuɗi, ita ce takardar shaida, ita ce hanyar rajistar jarrabawar JAMB ta yaranmu. Idan ta mutu rana ɗaya, ciniki ya tsaya.

A daidai lokacin da bukatar ta ƙaru kuwa, sai kuɗin waya ya tashi. Kafin tsakiyar watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 dala ta haura naira 1,500. Tun da shi ke kowace waya, sabuwa ko ta hannu, da dala ake shigo da ita, farashi ya ninka. Mafi ƙanƙantar albashi da gwamnatin Jihar Kano ta amince da shi a 2024 naira 71,000 ne, waya mai matsakaicin kuɗi kuwa takan cinye albashin wata biyu ko fiye na mai karɓar wannan. A watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta yarda a ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100. Daɗin daɗawa, a kakar 2025 farashin masara da shinkafa ya faɗi ƙwarai, watau a lokacin manomi sai ya sayar da buhuna fiye da na kakar da ta gabace ta kafin ya sayi waya iri ɗaya. Saboda haka kuskure wajen saye ya fi zafi yanzu.

Abin da ta hannun ta fi da shi

Gaskiya ita ce wayar alfarma, ko ta tsufa, tana da abubuwan da sabuwa mai araha ba ta kamo ta ba. An ƙera ta da ƙarfe da gilashi mai kyau. Ƙwaƙwalwarta tana da sauri, har iPhone 11 ta 2019 takan buɗe manhaja da hanzari fiye da sababbin masu araha da yawa. Kyamararta tana ɗaukar bidiyo ba rawa, tana kuma gani da dare. Sautinta ya fi tsabta. Idan mai ita ya so sayarwa, musamman iPhone, zai sami mai saye da wuri, kuɗinta kuma ba ya zubewa da sauri kamar na masu araha. Waɗannan ba ƙarya ba ne, mai shago da ya faɗe su bai cuce mu ba.

Amma an yi wannan waya ne domin mutumin da ke da wuta dare da rana, mai layi ɗaya, mai intanet a cikin gida, wanda idan ta lalace zai taka zuwa shagon kamfani a unguwarsu. Shi ya ci shekarunta masu kyau, sa'an nan ya sayar. Tambayar da ta shafe mu ita ce, me ya rage mana, kuma zai dace da zamanmu?

Batir da wuta

Batirin waya kamar takalmi yake, kowane amfani yana cinye shi. Kamfanin Apple da kansa ya bayyana cewa batirin iPhone 14 da waɗanda suka riga ta an yi shi ne ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500. Wanda ke cika wayarsa sau ɗaya kowace rana zai kai wannan adadi kafin shekara ɗaya da rabi. Ashe wayar da ta shekara biyar, ko dai batirinta ya gaji, ko kuwa an riga an sake shi da wani wanda ba mu san asalinsa ba.

Mu dubi girman batirin ma. Ana auna shi da ma'aunin da ake rubutawa mAh a jikin kwali. Na iPhone X 2,716 ne, na iPhone 11 kuwa 3,110, na Galaxy S10 kuma 3,400, duk a ranar da suka fito sababbi. Yawancin sababbin wayoyi masu araha suna zuwa da 5,000. Idan batirin iPhone 11 ya sauka zuwa kashi 80, abin da ya rage bai kai 2,500 ba, rabin na sabuwar ke nan. Ko da shi ke iPhone tana da tattalin wuta fiye da yadda lambar ta nuna, tattali ba ya cike giɓi mai girma haka.

Wannan magana tana da nauyi a wurinmu fiye da a birni. Ƙauyuka da yawa a ƙasar Doguwa da Kiru ba su dogara da wutar NEPA ba, sai mai caji na kasuwa da injinsa ko solarsa, kowane caji kuwa da kuɗinsa. Ba mu manta watan Oktoba na 2024 ba, sa'ad da manyan layukan da ke kawo wuta arewa suka lalace, Kano da maƙwabtanta suka yi fiye da mako guda cikin duhu, kuɗin caji ya tashi. Mai wayar da ke kwana biyu da caji ɗaya da mai wadda ke mutuwa kafin la'asar ba wahala ɗaya suka sha ba. Ga kuma zafi. Apple ya ce zafin da ya wuce digiri 35 yana iya rage ƙarfin batir har abada, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu yakan haura 40. Batirin da ya riga ya gaji, a ajiye shi cikin rumfar kwano tare da wayoyi hamsin ana caji, ba zai daɗe ba.

Layi biyu, rediyo da memori

Duk wanda ke bin hanyar da ta tashi daga Kwanar Dangora ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore ya san akwai inda layin wannan kamfani ke kamawa na wancan ya ɗauke. Shi ya sa yawancinmu muke riƙe layi biyu. Sababbin masu araha kusan dukansu suna da gurbin layi biyu. Yawancin iPhone kuwa gurbi ɗaya gare su, na biyun layi ne marar kati da ake kira eSIM, wanda sai an je wurin kamfanin layi ko wakilinsa a ɗora shi. Waɗanda aka yi domin kasuwar Sin da Hong Kong ne aka fi samu da gurbi biyu. Tun daga iPhone 14 ta 2022 ma, waɗanda aka sayar a Amurka ba su da gurbin kati ko ɗaya. Akwai kuma wayoyin da aka kulle su ga kamfanin layi na waje, waɗanda ake manna musu wani ɗan siririn cif a bayan kati domin su karɓi layinmu. Irin wannan takan ɗauke sabis ba dalili, kuma da an sabunta manhajarta tana iya komawa a kulle.

Haka kuma akwai ƙananan abubuwa uku da muke amfani da su kullum waɗanda wayar alfarma ta yar. iPhone ba ta da rediyon FM, don haka labarai da sanarwar da muke ji kyauta sai an saye su da data. Ba ta karɓar memori, Samsung ma ya cire gurbin memori daga Galaxy S21 ta 2021. Wanda ya saba kai memorinsa a zuba masa waƙoƙi da finafinai da darussa zai ga wannan ƙofa a rufe. Ramin abin sauraro na kunne kuma an cire shi tun iPhone 7 ta 2016. Game da 5G da mai shago zai yi ta yabo, MTN ya fara shi ne a 2022 a manyan birane bakwai, har da birnin Kano. Wanda zamansa yake Yako ko Burum-Burum ko Riruwai, abin da zai tambaya shi ne ko wayar tana kama 4G sosai.

Shekarun da suka rage mata

Akwai wata irin tsufa da ido ba ya gani. Kowace babbar waya tana tafiya ne a kan manhajar da kamfani ke sabuntawa lokaci lokaci, yana toshe ƙofofin da ɓarayin intanet suka gano. Wannan hidima tana da iyaka. iPhone X ta 2017 ta tsaya a iOS 16. Da aka fitar da iOS 26 a watan Satumba na 2025, an bar iPhone XR da XS na 2018 a baya, iPhone 11 ce mafi tsufa da aka ɗauka. Galaxy S10 ta 2019 kuwa Samsung ya daina aika mata sabuntawa tun 2023.

Waya ba ta mutuwa a ranar da aka daina sabunta ta, Apple ma yakan ci gaba da aika ƙananan gyare-gyaren tsaro na wani lokaci. Amma daga wannan rana an fara ƙidaya mata kwanaki. A tsakiyar 2025 WhatsApp ya daina aiki a iPhone 5s da 6 da 6 Plus, waɗanda a zamaninsu su ne abin alfahari. Manhajojin banki su ma haka suke yi, sukan ɗaga matakin da suke bukata, wata rana a wayi gari su ƙi buɗewa. Mutumin da kuɗin hatsinsa ke cikin waya bai kamata ya ɗora shi a kan wadda kamfaninta ya riga ya sallama ba.

A nan sai mu yi adalci. Sababbin masu araha da yawa su ma ba a daɗewa ana sabunta su, sau da yawa shekara biyu ce. Bambancin shi ne suna farawa daga sabuwar manhaja, don haka WhatsApp da banki za su yi shekaru suna karɓarsu. Wasu kamfanoni kuma sun fara tsawaita alkawari. Samsung ya yi wa Galaxy A16, wadda ta fito a ƙarshen 2024, alkawarin sabuntawa na shekara shida. Wannan tambaya ce da ya kamata mai saye ya yi a gaban kanta: wace shekara aka yi wannan waya, kuma har yaushe za a sabunta ta?

Ranar da ta faɗi

Waya a hannun manomi da ɗan acaba da mai talla dole wata rana ta faɗi. Gilashin Tecno ko Itel yana da araha, kuma masu gyara na Kwanar Dangora da Tudun Wada sun saba da shi. Gilashin wayar alfarma irin na OLED ne mafi yawa, na ainihin yana da tsada ƙwarai, wani lokaci ya kusa kai kuɗin wata sabuwar waya ƙarama. Wanda ba na ainihi ba kuwa yana shan batir, launinsa kuma ba ya fita. Idan gyaran ya fi ƙarfin na kusa, sai Kano. Daga Riruwai wannan tafiya ce ta sa'o'i, da kuɗin mota zuwa da dawowa, da yinin aiki da aka rasa, wani lokaci a ce a dawo jibi.

Sabuwar waya tana zuwa da garantin kamfani na shekara guda, Transsion kuma yana da sashen gyara mai suna Carlcare domin wayoyinsa. Garanti ba ya ɗaukar fashewar gilashi ko shigar ruwa, amma yana ɗaukar lahanin ƙira. Ta hannu kuwa, abin da mai shago kan bayar 'yan kwanaki ne na gwaji. Maganar cewa wayar alfarma ba ta jin ruwa ma sai a yi hattara da ita, gama da zarar an taɓa buɗe ta domin sake batir ko gilashi, manne da ke hana ruwa shiga ya riga ya tashi.

Ha'inci da kayan sata

Ba dukan masu sayar da ta hannu ne maha'inta ba. Akwai 'yan kasuwa masu amana a Farm Centre waɗanda za su faɗa maka aibin kayansu kafin ka tambaya. Duk da haka dabarun ha'inci sanannu ne. Ana ɗaukar iPhone XR a sa mata rigar iPhone 13 Pro ko 14 Pro, har da idanun kyamara uku waɗanda biyu na ado ne, mai saye yana kallon kitse alhali rogo ne. Ana kuma iya sa wata 'yar na'ura ta nuna lafiyar batir kashi 100 alhali ya gaji. Akwai wadda asusun iCloud na mai ita na farko ke ciki. Tun 2013 Apple ya sa wannan kulle, kuma idan aka goge wayar ba tare da lambar sirrin mai asusun ba, ta zama dutse.

Mafi muni shi ne kayan sata. Ƙwacen waya ya yi ƙamari a birnin Kano har a watan Mayu na 2023 majalisar tsaro ta jihar ta ce za a ɗauke shi a matsayin fashi da makami. Wayoyin da aka ƙwace ba sa ɓacewa, hannu suke sakewa, wasu kuwa ƙauye ake kai su inda ake zaton ba mai bincike. Kowace waya tana da lamba ta kanta mai suna IMEI, da ita ake bin sawunta, wanda aka same ta a hannunsa kuwa shi ne zai fara amsa tambaya. Dokar Penal Code ta hukunta karɓar kayan sata da sani, kuma farashin da ya yi araha fiye da kima ba zai taimaki mai saye ba sa'ad da yake ƙoƙarin nuna bai sani ba. Ban da shari'a ma, wanda ya sayi irin wannan waya ya ƙarfafa hannun mai wuƙar da ya ƙwace ta daga ɗan wani. Waya a tasha, ba kwali, ba rasit, a rabin kuɗi, mu bar ta inda muka gan ta.

Sabuwar ma tana da nata aibi

Kada mu ɗauka duk abin da ke cikin kwali lafiyayye ne. Mafi arha a cikinsu suna da ƙaramar ƙwaƙwalwa, bayan 'yan watanni sai su fara nauyi. Idan aka rubuta 4+4 a wurin RAM, na ainihin 4 ne, sauran aro ne daga ma'ajiyar wayar, ba shi da saurin na gaske. Lambar kyamara mai girma da ake bugawa a kwali ba ita ce kyan hoto ba. Da yawa suna zuwa cike da tallace-tallace da manhajojin da ba a nema ba, masu cin data. A 2020 masu bincike na Secure-D sun ba da rahoton muguwar manhaja mai cinye data a ɓoye cikin dubban wayoyin Tecno W2 da aka sayar a wasu ƙasashen Afirka, kamfanin ya ce daga wajen wani mai kawo masa kaya matsalar ta fito, ya kuma fitar da gyara. Akwai jabu, akwai kuma tsofaffin da aka sake naɗewa a leda. Ga tsarin biya wata-wata, wanda jimlarsa ta fi kuɗin hannu nesa, kuma idan aka makara biya ana kulle wayar daga nesa. Manomin da kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya a shekara ya yi tunani sosai kafin ya sa hannu. Shawararmu ita ce a guji ta can ƙasa idan da hali, a nemi mai RAM 4 na ainihi ko fiye, da ma'ajiya 128, da batir 5,000.

Bari mu yi lissafi

Mu ɗauki misali kawai, a ce kowace a cikin biyun naira 200,000 ce. Idan sabuwar ta yi shekara huɗu, ta tashi a naira 50,000 kowace shekara. Idan ta hannun shekara biyu ta rage mata kafin manhajoji su fara ƙin ta, ta tashi a naira 100,000 kowace shekara, kafin a ƙara sabon batir, da fawa bank, da caji sau biyu a rana, da kuɗin mota zuwa Kano. A cire abin da za a samu idan an sayar da ita, wanda zai fi na mai araha, duk da haka da wuya ta sauko daidai. Kowa ya sa nasa farashin na ranar da ya je kasuwa, hanyar lissafin ɗaya ce.

Su wa ke nan ta hannun ta dace da su? Saurayin da ɗaukar hoto da bidiyon biki ne sana'arsa, ko mai sayar da kaya ta intanet wanda kyan hoto ke kawo masa ciniki, in yana zaune inda akwai wuta ko yana da sola, yana kuma shiga Kano a kai a kai. Ga irin wannan, kyamarar kayan aiki ce da za ta biya kanta. Shi ma gara ya nemi wadda ba ta wuce shekara uku ba, ko da zai ƙara kuɗi. Amma ga manomi, da mai awo, da malamin makaranta, da ɗalibi, da uwargida, waɗanda bukatarsu kira ne da WhatsApp da turin kuɗi da rediyo da tocila, sabuwa mai babban batir da layi biyu da garanti ita ce daidai. Wanda kuma bukatarsa kira ne da turin kuɗi kaɗai, ƙaramar waya mai madannai tana yin wannan ta lambobin banki, ba sai ya sayar da hatsin gida ba.

Mun san akwai abin da ke jan matasanmu wanda ba ya cikin lissafi, watau a ga tambarin tuffa a hannunsu ranar biki. Ba mu raina wannan sha'awa ba, kowa ya yi ƙuruciya. Amma iyaye da yayye su taimaka da tambaya ɗaya: buhu nawa ne wannan tambari, kuma wa zai biya ranar da gilashi ya fashe?

Kafin a miƙa kuɗi

Wanda ya ƙudura sai ta hannu, kada ya yi cinikin biri a sama. Ya je shago mai mazauni, ya tafi da wanda ya san waya. Ya danna *#06# ya ga lambar IMEI, ya tabbata ita ce aka rubuta a rasit mai sunan shagon da kwanan wata. Ya shiga saiti ya karanta ainihin sunan wayar, kada ya gaskata rigarta. A iPhone ya duba wurin da aka rubuta Battery Health, da wurin da ke nuna ko an sake wani sashe nata. Ya sa layinsa na kowane kamfani ya yi kira, ya duba gurbin kati ko akwai cif. Ya gwada kyamarori duka, da sifika, da buɗewa da fuska ko yatsa, da caji. Sa'an nan ya sa a goge wayar gaba ɗaya a gabansa, a sake kunna ta, ya ɗora asusunsa da hannunsa. Mai shagon da ya ƙi wannan ya riga ya ba da amsa.

Mai sayen sabuwa shi ma ya duba hatimin kwali, ya gwada lambar IMEI ta waya da ta kwali, ya karɓi rasit da takardar garanti, ya saya mata riga da gilashin kariya tun a ranar. Dukanmu kuma mu rubuta lambar IMEI a takarda mu adana a gida, mu sa wa layinmu lambar sirri, domin idan waya ta ɓata kada asusun banki ya bi ta.

'Yan'uwa, kuɗin kaka sau ɗaya yake zuwa, ga kuɗin makaranta, ga taki na baɗi, ga asibiti da ba ya sallama. Mu sayi wayar da za ta yi mana aiki har kaka uku ko huɗu masu zuwa, a inda muke zaune, da irin wutar da muke da ita. Allah ya sa albarka a abin da muka noma.